Rijiyar Ƙanwata da Tankar Manaja

Shekarun da na yi ina tuƙa tifa sun koya mini abu ɗaya game da ramin tsakuwa: ba a haƙarsa cikin ruwa. In katafila ta yi ƙasa ta tarar da ruwa, sai a kawo injina su zuƙe shi, a watsa shi a kwata ya tafi abinsa, sannan a ci gaba da haƙa. Lokacin da nake ɗaukar lodi ban taɓa tambayar daga ina ruwan yake fitowa ba. Sai da na ajiye tuƙi, aka buɗe sabon rami a bayan unguwarmu, sannan na gane daga ƙarƙashin gidajen mutane yake tahowa.

Da farko igiyar guga ce ta fara gazawa. Kowane gida ka shiga sai ka ga an ƙulla mata wani guntu, gobe a ƙara wani. Daga nan guga ya fara dawowa da laka. Mutanen unguwa suka yi abin da suka saba, kowa ya kira mai haƙar rijiya ya ƙara wa tasa zurfi. Aka samu ɗan ruwa na girki da wanka, aka yi shiru.

Ƙanwata ce kaɗai ba ta ƙara ba. Tun rasuwar mijinta take riƙe da gidan da sana'ar dashe: tana renon 'ya'yan lemo da mangwaro da gwaiba a cikin leda, tana kaiwa kasuwa. A tsakar gidan akwai manyan bishiyoyin lemo guda biyu da marigayin ya shuka, su ne iyayen dashen, daga jikinsu take yankar reshe ta aura wa ƙananan. In suka mutu, sana'ar ta mutu. Rijiyar kuma shi ya gina ta da hannunsa, ya jera mata duwatsu tun daga ƙasa, shi ya sa ta ce ba wanda zai shiga ya farfasa mata gindi.

Da koke ya yi yawa, hukumar ruwa ta turo wata injiniya, yarinya ce da ba ta wuce sa'ar 'yata ba, ba ta da yawan magana. Muka sa mata suna Mai Awo. Ta bi gida gida tana leƙa rijiyoyi, ni ina biye da ita don ni ne marar aikin yi. Duk inda ta leƙa sai ta tambaya ko an taɓa rijiyar kwanan nan, a ce an ƙara mata zurfi, sai ta girgiza kai.

Ta ce, “Baba, doka tana nan. Mai rami ba shi da ikon jan ruwan da zai busar da rijiyar maƙwabci. Amma sai na nuna shi ne ya busar. Duk waɗannan an taɓa su, kuma akwai ruwa a ciki. In na kai maganar, cewa za su yi ga ruwa nan, me ake nema?”

Na ce, “Wato da muka taimaki kanmu, mun taimake su ke nan.”

Ta ce, “Kusan haka.”

Da ta ga rijiyar ƙanwata sai ta daɗe a tsaye. Ruwan da ya saura a ciki bai fi ya rufe guga ba. Ta fito da wani ƙarfe mai kamar tocilan, ɗaure da waya, ta ce za ta zura shi ciki, shi zai riƙa lura da hawa da saukar ruwa. Za ta sa a kashe injinan ramin na wani lokaci, a sake kunnawa, a ga ko rijiyar tana bin su. Sharaɗi ɗaya ne: kada a haƙa, kada a ɗiba, kada a yi mata komai har a gama.

Ƙanwata ta ce, “'Yar nan, dashena fa? Da yawu zan ba su ruwa?”

Mai Awo ta ce, “Mama, ba zan yi miki ƙarya ba, za su wahala. Amma taki ce kaɗai ta rage. Kuma dole a gama kafin damina, don in ruwan sama ya sauka, awon ya tashi a banza sai baɗi.”

Ƙanwata ta dube ni. “Yaya, ka yi shiru.”

Na ce, “Rijiyarki ce. Amma ki sani ramin nan ƙasa yake ƙara yi. Wanda ya ƙara wa rijiyarsa zurfin gaba guda bana, baɗi sai ya ƙara gaba biyu. Ba a tsere da katafila.”

Ta yarda. Muka riƙa jido ruwa daga maƙwabta da bokitai, wanda bai taka kara ya karya ba, don su ma nasu a ƙididdige yake. Ganyen dashen ya fara naɗewa.

Ana cikin haka sai ga manajan ramin ya zo gaisuwa. Mutum ne mai fara'a, kome ka faɗa masa sai ya ce ba matsala, har maganar ta zame masa suna. Na san irinsu, na yi aiki a ƙarƙashin goma kamarsa. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe da ƙanwata, ya duba dashen, ya ce abin ya taɓa masa zuciya. Ya ce zai turo ma'aikatansa su ƙara wa rijiyar zurfi, kyauta.

Ta ce, “An gode, ranka ya daɗe. An ce kada a taɓa.”

Ya ce, “Ba matsala, Mama. To ko ruwa ne sai in aiko miki. Maƙwabci ai ɗan'uwa ne.”

Da ya fita na ce mata, “Ke, ruwa ba ya tsami banza. In ya aiko, ki ce a mayar.”

Ta ce, “Yaya, kai kowa ɓarawo ne a wurinka.”

Na ce, “Ba kowa ba. Waɗanda na yi aiki da su dai.”

Ranar kasuwa ta ɗauki 'yan dashen da suka rage da kyan gani ta tafi sayarwa, ni kuma na je asibiti a duba mini gwiwa. Da hantsi tankar ruwa ta tsaya a ƙofar gidan. Ba kowa sai maƙwabcinta Tela, wanda shagonsa yake manne da katangarta, kuma a wurinsa take barin makulli. Tela mutumin kirki ne, sai dai ba ya iya ganin abu ya wuce bai sa hannu ba.

Direban tankar ya ce an aiko shi da ruwa, ina tanki? Ba tanki. Tela ya fito da duro ɗaya, da bahon wanki, da bokitai, har da tukunyar da matarsa take dafa ruwan zafi. Aka cika su duka, aka shayar da dashen har ƙasa ta yi caɓi, ruwan tanka ko rubu'i bai ragu ba. Direba ya ce shi fa zai juya. Matan layin suka fito suna salati, ruwa mai kyau haka a mayar da shi? A unguwar da ake wanke kwano da ruwan da aka wanke shinkafa? Sai Tela ya yi abin da kowa a layin nan yake yi in ya sayi ruwan tanka ba shi da mazubi: ya ja tiyo ya zura a rijiya.

Da na dawo na tarar da shi tsaye a bakin rijiyar, ya riƙe ƙugu, yana murmushi kamar wanda ya ɗaurar da aure.

Ya kira ni da sunan da unguwa take kirana, ya ce, “Direba, zo ka gani! Rijiya ta cika har ana ganin fuska.”

Na leƙa. Na ga fuskata kuwa, da wayar Mai Awo tana lilo a gefe.

Na ce, “Tela, wa ya aike ka?”

“Wane irin wa ya aike ni? Ruwa ne fa! An ce kada a haƙa, an ce kada a ɗiba. Wa ya ce kada a zuba?”

Na ce, “Kai da aka ba ka yadi ka ɗinka riga, in ka ga ya rage sai ka ƙara mata hannu na uku?”

Na bi direban tankar na same shi a wurin mai shayi, mun san juna tun a gareji. Ya ce shi abin da aka gaya masa kawai shi ne ya kai da hantsi, kuma kada ya dawo da ko ɗigo. Ban ce Manaja ya ce a zuba a rijiya ba. Bai faɗa ba, kuma ba ya bukatar ya faɗa. Ya shiga gidan, ya ga ba tanki. Ya san ranar kasuwa. Ya kuma san mutanenmu, gara a ce musu su zubar da jini da a ce su bar ruwa ya koma.

Washegari Mai Awo ta zo ta jawo ƙarfenta, ta haɗa da wata 'yar na'ura, ta duba. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce ita ta san zubawa aka yi, kowa ma zai gane. Amma a daidai lokacin da injinan ramin suke aiki ne ruwan ya hau, kuma yanzu ƙasar da ke kewaye da rijiyar ta sha, za ta riƙa tsatso shi a hankali. Masu ramin za su ce awon ya gurɓace, kuma gaskiyarsu ne. Sai an jira ruwan ya janye, a faro daga farko.

Ƙanwata ta ce, “To tunda ya riga ya shiga, in ɗiba in ba dashena mana.”

Mai Awo ta ce, “In kika ɗiba, Mama, sun sami magana ta biyu. Na bar miki zaɓi. In kin ce a bari, zan cire kayana, ba wanda zai zarge ki.”

Rijiya cike da ruwa, dashe kuma zai mutu a gefenta. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Ga hadari ya fara leƙowa ta gabas da la'asar. Tela yana rakuɓe a jikin katanga kamar kazar da ruwa ya daka.

Ƙanwata ta shiga ɗaki, ta fito da tsohuwar ƙofar langa-langa da kwado. Ta ce in kama mata. Muka rufe bakin rijiyar, muka bar 'yar kafa ta waya, ta datse kwadon, ta miƙa wa Mai Awo makullin.

Ta ce, “Riƙe, 'yar nan. Ko ni kada ki ba ni, don na san halina in na ga suna bushewa.”

Sannan ta juya ga Tela. “Kai kuma, tunda hannunka ba ya zama, kullum da safe bokiti biyu daga rijiyarka, ɗaya gindin wannan, ɗaya gindin wancan.” Ta nuna iyayen lemon. “Na ledar a bar su.”

Tela ya ce, “Yaya, ko huɗu ne.”

Ta ce, “Biyu na ce. Kai da ƙari ai mun gani.”

Haka aka yi. Na ledar suka bushe layi layi, ta riƙa zazzage ƙasar tana tara ledojin a buhu. Iyayen lemon suka zubar da rabin ganyensu, ɗaya har ya fara bushewa daga sama. Manaja ya sake aiko da tanka, wannan karon Tela da kansa ya tsaya a bakin layi da almakashi a hannu ya ce a juya. Ruwan ya janye. Aka kashe injinan ramin, rijiya ta ɗago. Aka kunna, ta koma. Aka sake, ta sake. Mai Awo ta cire ƙarfenta, ta mayar wa ƙanwata makullin, ruwan sama na farko ya sauka bayan kwana kaɗan.

Hukuma ba ta rufe ramin ba, ni dai ban taɓa zaton za ta rufe ba, garin nan da tsakuwa ake gina shi, kuma yaran unguwarmu da yawa a can suke ci. Abin da ta yi shi ne ta yanka musu iyakar zurfin da za su haƙa, ta sa wa injinan mita, ta kuma ce ruwan da suka zuƙe kada su ƙara watsa shi a kwata. Su haƙa dogon rami marar zurfi a bayan katangunmu su riƙa zuba shi, ya koma ƙasa inda ya fito. Manaja ya ce ba matsala. A wannan karon fuskarsa ba ta ce haka ba.

Ruwan bai dawo inda yake a zamanin marigayi ba, amma ya dawo. Bayan damina ta wuce, rani ya kama sosai, na je gidan na tarar da ƙanwata tana kwance ƙulli ɗaya daga igiyar guga. Saura biyu. Lemo ɗaya ya tsira sarai, ɗayan sai da aka sare masa kai, amma ya yi toho daga ƙasa. Ta jera sababbin ledoji a inuwa, ba su kai rabin na da ba.

Tela ya leƙo ta kan katanga. “Yaya, in kawo bokitin?”

Ta ce, “Bar shi, na sallame ka.”

Ta ɗaga murfin, ta zura guga, ya dawo cike. Ta ɗiba ta mayar da murfin, ta datse kwadon, ta ɗaure makullin a bakin zaninta.

Na ce, “Ke, awo ai ya ƙare. Kwadon na mene ne kuma?”

Ta ɗauki bokitin ta nufi gindin lemon. Ta ce, “Na masu taimako ne, Yaya.”