Maɓallin da ba ya nuna launi

Surukin Yayata, uban mijinta, muna ce masa Farfesa, amma a bayan ido. Shekara talatin ya yi yana buga hatimi a wani ofis. Da ya yi ritaya sai ya sayi tabarau da jaka, kuma ko gishiri zai ce a miƙo masa sai ya fara da "a kimiyyance".

Ni tela ce. Iyakar kimiyyata littafi ɗaya ne mara bango, wanda na zaro daga ƙarƙashin ƙafar keken ɗinki. Na karanta shi sau huɗu. Keken har yau rawa yake yi.

Da Yaya ta haihu, jaririn ya yi ciwon shawara, aka gwada jininsa a asibiti. Katin ya ce O. Mijinta A ne, ita kuma B. Farfesa ya ɗaga katin sama kamar mai duba wata, ya ce a kimiyyance A da B ba sa haifar O, don haka yaron ba jininsu ba ne. Mijin Yaya, direba ne mai surutu kamar rediyo, ranar bai ce uffan ba. Yaya ta naɗe ɗanta ta dawo gidanmu. Kwana uku tana zaune a ɗakin Inna, tana shayarwa tana kallon bango.

A rana ta huɗu Farfesa ya zo da ɗansa, wai a yi magana ta ilimi. Inna ta ba shi kujerar da ba ta girgiɗi. Ya buɗe jaka, ya fito da takarda da ya yi wa layi da rula.

"A kimiyyance, gado kamar haɗa fenti ne," ya ce. "Ja da baƙi ba za su ba ka fari ba."

Na shigo da gwangwanin maɓallai na durƙusa.

"Baba, ina da 'yar tambaya, in an yarda."

"Wace makaranta kika gama, 'yar nan?"

"Ta ɗinki, Baba. Ita ma sai da aka yi mini alfarma."

Na zuba maɓallan a faranti. Na ce a littafina an ce ƙwayoyin gado ba sa narkewa cikin juna. Kowa biyu yake ɗauke da su na rukunin jini, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, kuma ɗaya kawai yake ba ɗansa. Na ce ja shi ne A, baƙi shi ne B. Sannan na ɗauko irin maɓallin nan garai-garai mai kama da gilashi, na ce wannan ne O. Na ɗora shi a kan ja, na ce ga mijin Yaya.

"Baba, wane launi kake gani?"

"Ja mana."

"To haka asibiti ma take gani. Sai ta rubuta A. Amma na gilashin yana nan, bai je ko'ina ba."

Na ɗora wani a kan baƙi, na ce ga Yaya. Na zare na gilashin daga nan, na zare daga can, na haɗa su a tsakiyar faranti. Na ce ga jariri.

Farfesa ya gyara tabarau. "Wannan ai hasashe ne. Wa ya ce ɗana yana ɗauke da wannan abin?"

Duk wanda ya taɓa zama da Farfesa minti goma ya san rukunin jininsa. Katin a aljihun gaba yake, an like shi da leda. Sau ɗaya ya taɓa ba da jini, tun ban shiga firamare ba, har yau labarin bai ƙare ba.

"Baba, kai naka wane ne?"

"O!" Ya dafa ƙirji. "Mu ne masu ba kowa."

"To mai O na gilashin biyu gare shi, ba shi da wani. Ka ga ke nan shi ka ba ɗanka. Ɗanka kuma ya ajiye maka shi shekara talatin da biyu, ya miƙa wa jikanka."

Inna ta yi tari a cikin mayafi. Farfesa ya dubi farantin ya daɗe. Ya fito da katinsa, ya ajiye kusa da na jaririn. Harafi ɗaya ne a kansu.

"Abin da nake shirin bayyanawa ke nan," ya ce, "a mataki na biyu."

"Na san haka, Baba. Gaggawa na yi."

Ya ce a kawo masa jikansa. Yana karɓa ya fara gano hancinsa da goshinsa a fuskar yaron, har da alamun basira.

Mijin Yaya ya matsa kusa da ita, muryarsa ta dawo. Ya ce ta tashi su tafi, mota na waje.

Yaya ba ta dube shi ba. Farantin take kallo.

"Auta," ta ce mini, "da a ce littafin nan yana ƙarƙashin keke har yanzu fa?"

Littafin ya yi bayanin jini, da launin ido, da tsawon wake. Bai ce komai ba a kan mutumin da ya shekara shida da mace, sannan sai da maɓalli ya ba da shaida a kanta.

Ta karɓi ɗanta daga hannun Farfesa cikin ladabi. Ta ce wa mijinta yaron nasa ne tun ran da aka haife shi, ya zo ya gan shi duk lokacin da ya so. Ita kuwa tana nan ɗakin Inna tukuna. Kwana uku ya yi shiru, ita ma tana da nata shirun da za ta yi, kuma ba ta ƙirga kwanakinsa ba.

Na kwashe maɓallan. Na gilashin guda ɗaya ya ɓace mini a kan farantin, sai da na shafa da yatsa na same shi.