Barcin Mai Burodi

Ina da ɗakin kallo a bayan kasuwar Kalerwe, rumfar kwano ce da benci-benci da talabijin ɗaya. Masu fassara sun shigo sun fita, amma ban ga wanda ya kama ƙafar Ssebuliba ba. Mu Buliba muke ce masa. Fim zai zo da Turanci, shi kuma ya riƙe makirufo ya mayar da shi yarenmu na Luganda nan take, ya ƙara gishiri inda masu fim suka manta. In jarumi ya yi shiru yana kallon teku, Buliba zai ce tunanin surukarsa yake yi. Bakin nan ba ya hutawa ko da an ɗauke wuta.

Duk Asabar da la'asar muna nuna wani shiri mai dogon zango, na wani jarumi da ke kama tsawa da hannu. Buliba ya laƙaba masa Ɗan Tsawa, masoyiyarsa kuma Mai Burodi, don sana'arta ke nan. Ɗan Tsawa mutum ne mai tare gada da kafaɗa, amma in ya tsaya gabanta sai baki ya mutu. Matan kasuwa suka haukace a kan shirin, musamman Nanteza, matar Buliba, mai sayar da matoke, ayabar nan da ake dafawa. Tana zaune a benci na biyu tana ɓare gyaɗa, sai ta ɗaga murya ta ce mijinta ma haka ya yi ta in'ina ranar da ya fara zuwa rumfarta.

Saura kashi na ƙarshe ciwo ya kwantar da Nanteza. Mai fassara yakan kalli kashi shi kaɗai kafin ya fito gaban jama'a, saboda haka Buliba ya san ƙarshen labarin. Bai taɓa gaya mata abin da ke gaba ba, ko da ta yi masa barazanar hana shi abinci. A asibiti ta sake roƙonsa, ina wurin, da ni da wasu matan kasuwa. Ya ce mata Mai Burodi za ta ji rauni, ta yi barci, ta tashi a ɗaura musu aure. Nanteza ta yi dariya ta ce dama ta sani. Ba a yi mako ba muka raka ta ƙauyensu can wajen garin Masaka muka binne ta.

Ni na san ba haka labarin ya ƙare ba, don faifan yana wurina kuma na leƙa. Da Buliba ya dawo na ce masa in nemo wani ya yi wannan kashin. Ya ce shi ya fara, shi zai ƙarasa. Abin da ya fi damuna Malam Mulindwa ne, tsohon malamin Turanci mai zama a gaba. Ba ya barin kuskure ya wuce. Da Buliba ya kauce ko kaɗan zai ɗaga sanda ya ce ba haka aka faɗa ba, su yi ta musu jama'a na dariya. Na yi tunanin in ce masa ɗaki ya cika, sai kunya ta hana ni.

Ranar ɗakin ya cika da gaske, gurbin Nanteza a benci na biyu ne kawai aka bari. Ɗan Tsawa ya tare ginin da ke rushewa, ya ceci gari, amma ƙarfe ya sami Mai Burodi. Ya rungume ta, hannunta ya saki. Buliba ya yi shiru. Tun da na buɗe wurin nan ban taɓa jin Turanci tsurarsa yana fita daga talabijin ɗina a gaban jama'a ba sai ranar, kuma tsoro ya kama ni.

"Barci take yi," in ji Buliba. "Ta gaji ne, tun asuba take tsaye."

Jarumin yana kuka yana magana, Buliba yana bin sa. "Ya ce ki huta, ni zan kula da rumfa. Ya ce yara sun ci abinci. Ya ce har yanzu matoke yana ƙone mini, ban san yawan ruwan da kike zubawa ba."

Babu wanda ya yi dariya. Wani ɗan acaɓa, baƙo ne a unguwar, ya taɓo malamin ya ce, "Baba, kai da ka ji Turanci, ba mutuwa ta yi ba?"

Malam Mulindwa ya cire tabarau ya goge a rigarsa. Sandar tana kwance a cinyarsa.

"Barci take yi," ya ce. "Fassarar nan daidai take, kalma da kalma."

Buliba bai juyo ba. Hoto ya ƙare, allon ya yi baƙi, sunayen masu fim suna hawa, shi kuwa ya ci gaba. Ya faɗi yadda ta farka, da kalar rigar da ta sa, da akuyar da aka yanka, da yadda ango ya yi in'ina a gaban surukai. Da ya kai inda aka ɗaura aure, matan kasuwa suka rangaɗa guɗa, hawaye na zuba.