Ƙullin Kofur Justina

Shekara ashirin da shida Saje Maharazu ya yi yana riƙe da ɗakin makamai a wani bariki da ke bayan Idu, kuma abu ɗaya ne ba ya ƙaunar ji: a ce bindigar da ta fito daga hannunsa tana da matsala. Ka faɗi haka, ka jawo wa kanka.

Shi ya sa da Kofur Justina ta zo karo na biyu tana ƙorafin ƙaramar bindigarta, fistol, na shaƙewa a filin harbi, ko ɗaga kai bai yi ba. A gaban mutane ya ce hannunta ne ba ƙwari. Kafin azahar maganar ta zaga bariki.

Ita kuwa baiwar Allah gwaji ɗaya ya rage mata, ran Alhamis. Lokacin Abuja na ta bunƙasa, manyan baƙi na tururuwa, ana neman masu yi musu rakiya. In ta ci, ta shiga cikinsu. In ta faɗi, a mayar da ita teburin amsa waya, inda ta shekara shida tana cewa halo.

Ƙa'ida ce duk kwanson harsashin da aka harba a dawo da shi ɗakin makamai. Kowa a bokiti yake watsawa ya wuce. Da Justina ta sake dawowa daga filin harbi, ta ƙulla nata a hankici, ta ajiye masa a tebur, ta wuce.

Kwana biyu ƙullin na nan. Ran Laraba da hantsi ya kwance shi don ya juye, sai yatsansa ya ji abin da idonsa ya ƙi dubawa. Gefen kowane kwanso a kankare yake.

Ya ɗauko bindigar, ya tabbatar ba harsashi, ya buɗe ta. 'Yar ƙugiyar da ke fizgo kwanso waje bayan harbi, abar da ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba, bakinta ya cinye ya yi sumul. Ko wa aka ba wannan bindiga sai ta ba shi kunya. Wallahi tausayin yarinyar ya kama shi, ga haushin kansa.

Ya lalubo sabuwar ƙugiya a tsohon gwangwanin madara. Sau biyu ɗan sifirin ƙarfen da ke danne ta na tsalle ya shige ƙarƙashin kabad, dattijo ya bi shi da rarrafe, gwiwa na ƙara. A na uku ta zauna daram. Ya je fili ya gwada, kwanso na fita ɗaya bayan ɗaya.

Bai aika a kira ta ba. Da ƙafarsa ya taka har gindin mangwaro inda suke cin abinci, gaban waɗanda suka ji maganar farko.

"Kofur, ba hannunki ba ne. Ni ne ban duba ba. Ki yafe mini."

Ta ajiye cokali. "Na sani, Baba Saje. Da na faɗa da baki ba za ka ji ba, shi ya sa na ƙulla maka."

Ran Alhamis ya tsaya a bayanta. Kowa na kallon allon da take harbi, shi kwanso yake kallo. Har ta gama bindigar ba ta shaƙe ba, aka kira sunanta cikin waɗanda suka ci.

Ta duƙa za ta tsince kwanson, ya ce ta bari. Ya durƙusa da gwiwar nan tasa mai ciwo, ya tsince su cikin hankicinta da ya zo da shi.