Rariyar Tata

Tun kafin masu ilimi su fara zancen ƙwayoyin da ido ba ya gani, masu kutsawa cikin nama su rikita sojojin jiki, ni Attaher na riga kowa gani a Arlit. A hannun ƙanwata Tata na gani, shekarar da fari ya cinye awaki, 'yan tawaye suka tare hanyar Agadez.

Mijinta Akoli direban kamfanin haƙar ma'adinai ne. Da aka sallame shi, ya tsinto wani farin ƙyalle a jujin kamfanin, irin wanda ake tace ƙasar uranium da shi. Ya sassaƙa katako, ya ɗame ƙyallen a kai, ya miƙa mata rariya, sannan ya tafi Libiya neman aiki.

Gari yakan fito daga rariyar nan kamar kwalli. Ko geron bai cika tafi ba, sai Tata ta tankaɗe shi sau biyu, don dai ta daɗe riƙe da abin da hannun Akoli ya taɓa.

Sai wuƙa ta ɗan yanke ta a yatsa. Yankan ya ƙi rufewa. Duk ranar tankaɗe sai ya kumbura ya yi ruwa, tari ya biyo baya.

Na ce, "Tata, jikinki faɗa yake da abin da ke cikin ƙyallen nan. Ba ni shi."

"Yaya, kai da ko alif ba ka sani ba, yaushe ka zama likita?"

"Ni da ƙishirwar hamadar Tenere ta kasa kashewa? Miƙo!"

Ta ɓoye rariyar a bayanta. "Ita kaɗai ya bar mini."

Ranar da ta ji 'yarta Fadimata ta fara irin tarin, ba ta jira kowa ba. Ta ɓamɓare ƙyallen, ta binne shi can bayan gari. Katakon kuwa ta kankare shi, ta wanke, ta ɗame tsohon mayafinta a kai.

Da Akoli ya dawo, ya kai lomar tuwo baki, ya ji tsaki-tsaki. "Wa ya ɓata mini rariya?"

Ta ɗaga masa yatsan da ƙyallen ya hana warkewa, ga shi ya warke sai ɗan tabo. Ya riƙe shi ya daɗe, sannan ya ce a ƙaro tuwo.

Mai shakka ya zo in nuna masa ramin. Ya tono ƙyallen ya tankaɗe garinsa, in ya isa.