Baba Uku a Folda Ɗaya

Abin ya faro ne ranar Litinin ta farko bayan Babbar Sallah, lokacin da Malam Abdurra'uf, sakataren wata ƙungiyar makiyaya a Sule Tankarkar, ya ɗora wa Fadimatu aikin sauya sunayen fayiloli. Masu yi wa dabbobi rigakafi sun kawo bayanan garke ɗari shida da 'yan kai, kowane makiyayi da nasa fayil, amma babu suna ko ɗaya a kansu sai dogayen lambobi kamar na katin waya.

"Ki buɗe kowanne ki ga mai shi, ki sa masa sunansa, ki jefa shi cikin foldar bana," in ji shi. "Kwamfuta ba ta son gardama. Duk abin da ta tambaye ki, ki ce mata to."

Fadimatu mace ce mai tsanaki, wadda ba ta taɓa madannai sai ta yi bismilla. Aiki ya tafi lafiya har ta buɗe wani fayil ta ga sunan surukinta, Alhaji Dalhatu, mahaifin mijinta Sajo. Shekararta tara da aure, bakinta bai taɓa furta wannan suna ba, hannunta ma bai taɓa rubuta shi ba. Ta waiwaya, ta gyara mayafi, ta rubuta Baba.

Ranar Talata sai ga wani Dalhatun, mutumin wajen Gagarawa. A gidan su Fadimatu duk mai suna irin na suruki ai Baba ne, don haka shi ma ta sa masa Baba. Da ta jefa shi cikin foldar, kwamfutar ta ce akwai mai wannan suna a ciki, ko a sa sabon a madadinsa? Fadimatu ta tuna gargaɗin Malam, ta ce to. Ranar Laraba na uku ya zo, aka yi mata tambayar nan, ta ba da amsar nan. Folda kuwa ba ta riƙe suna ɗaya sau biyu, kuma ba ta san surukuta ba. Duk Baban da ya shigo sai ya tashi wanda ya tarar, ya zauna a wurinsa.

Da safiyar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, wata babbar mota ta tsaya a ƙofar ofis da bijimai goma sha biyu a bayanta. Alhaji Dalhatu ya shigo da sandarsa, direbansa Hamza yana biye. Mai sayen bijiman zai wuce da su kudu a ranar, kuma ya rantse ba zai karɓi ko ɗaya ba sai da takardar rigakafi.

Fadimatu ta durƙusa ta gaishe shi, ta buɗe Baba, ta buga takarda, ta miƙa da hannu biyu ba tare da ta ɗaga kai ba. Tsohon ba ya karatun boko, sai ya ba Hamza.

Hamza ya duba, ya sake dubawa. "Alhaji, ashe shanun da ke cikin motata ba naka ba ne?"

"Me ka ce?"

"Ga shi nan. Akuya biyu da jaki ɗaya. Jakin ma an ce yana tari."

"Akuya!" Tsohon ya buga sanda a ƙasa. "Ni? Kakana bai yi kiwon akuya ba. 'Yar nan, wa ya mayar da ni mai jaki?"

"Baba, a yi haƙuri, yanzu zan duba."

Ta duba. Baba ɗaya ne tak a foldar, kuma na uku ne, mai jaki. Ta kira Malam Abdurra'uf a waya, domin ya tafi taro Gumel tun da sassafe.

"Malam, fayil ɗin wani ya ɓace."

"Na wa?"

"Na Baba."

"Baban wa?"

"Baba dai, Malam."

"Malama Fadimatu, rabin mutanen da ke rajistar nan Baba ne a gidajensu. Ba shi da suna?"

Hamza ya matso ya ɗaga murya kusa da wayar: "Alhaji Dalhatu take nufi, ranka ya daɗe, mai akuya biyu!"

Da ta gama bayani Malam ya ce, "Kin ce mata to har sau biyu?"

"Kai ka ce ba ta son gardama."

"To, ba a kan komai ba." Ya yi gyaran murya. "Saurara. Akwai filashi a aljihun teburina, tsofaffin fayilolin suna ciki da lambobinsu. Suna a bisa yake kawai, kamar rubutu a jikin buhu. Abin da ke ciki bai sauya ba. Ki sa filashin, ki rubuta sunan mutumin a wurin bincike, za ta zaƙulo miki shi."

"Ba za a iya buɗe su ɗaya bayan ɗaya ba?"

"Ɗari shida? Sai kasuwa ta tashi." Ya kashe wayar.

Ta sa filashin. Ta gwada Baba, don kada ta bar wata ƙofa ba ta ƙwanƙwasa ba. Kwamfutar ta ce ba ta san shi ba. Ta juya ga Hamza.

"Malam Hamza, ko za ka taimaka ka danna?"

"Ni? In taɓa in ɓata, a ce ni na kashe jakin? Sitiyari na sani."

A waje wani bijimi ya yi kuka, ya tunkuyi ƙarfen motar. Rana tana ɗagawa, kuma kowa a ɗakin ya san masu saye ba sa jira. Fadimatu ta ɗora yatsu a kan madannai ta kasa motsa su, domin mai sunan yana tsaye a kanta yana huci.

Tsohon ya dube ta, ya dubi allon. Bai san kwamfuta ba, amma ya san abin da ke hana surukar kirki motsi. Sai ya juya baya, ya fuskanci kalandar da ke bango, ya shiga nazarin hoton wata saniyar Turai kamar zai taya ta.

"Hamza, dubi wannan," in ji shi. "Nono kamar tulu, amma ba ƙaho. Wannan ma saniya ce?"

Fadimatu ta yi istigfari a zuci. Da yatsa ɗaya ta danna haruffa bakwai na sunan, kowanne kamar garwashi. Fayiloli uku suka fito. Na biyu a jerin shi ne mai shanu saba'in da huɗu, duka da rigakafi. Ta buga, Hamza ya karanta da ƙarfi, tsohon ya sa ya maimaita adadin.

A bakin ƙofa tsohon ya tsaya, bai waiwayo ba. "'Yar nan, in wannan abar ta sake tambayar ki sunana, ki ba ta. Ita ba ta auri ɗana ba."

Motar ta tashi ta nufi Maigatari. Fadimatu ta goge Baba daga foldar bana, ta mayar da mutum uku, kowanne da sunansa da na ƙauyensa. Ta yanke shawarar cewa a ofis za ta riƙa rubuta sunan, amma ba za ta taɓa faɗarsa ba, kuma Sajo ba zai ji wannan labari daga bakinta ba.