Rabin Hoton Malama Salomi

Ni dama ranar Juma'a ba ta taɓa yi mini daɗi a makarantar nan ba. Ana tashi da wuri, direbobi su cika bakin get da hon, kowa na sauri kada ya rasa sahu a masallaci. Sunana Hauwa, Hausa nake koyarwa a wata makarantar kuɗi da ke Nassarawa GRA, irin wadda yaranta ke gaishe ka da Turanci su yi maka rashin kunya da Hausa.

Ina ofishin malamai ina fama da makin jarrabawa, wayata ta fara ƙara babu ƙaƙƙautawa. Gurup ɗin iyayen yara ne. Na buɗe da tsaki, don na ɗauka ƙorafin kuɗin mota ne suka sake tayarwa. Sai na ga hoto: Malama Salomi a sunkuye a bayan azuzuwa, wuta na ci a gabanta, hannunta riƙe da takardu masu rubutun Larabci. An rubuta a ƙasa da jan rubutu: MALAMA TANA ƘONA LITTATTAFAN ISLAMIYYAR YARANKU. Ƙarƙashinsa akwai saƙon murya na Alhaji Inuwa, shugaban ƙungiyar iyaye, yana cewa ga shi nan tafe, duk mai kishin addini ya same shi a can. Wallahi sai da biro ya faɗi daga hannuna.

Salomi malamar kwamfuta ce, Kirista, 'yar Wusasa ta Zariya. Tun kafin a ƙaddamar da shari'a take Kano, kuma lokacin da wasu 'yan uwanta suka tattara suka koma gida ita ta yi zamanta a ɗakin hayarta na Tudun Wada. Cikin Musulmi ta tashi, shi ya sa take da wata ɗabi'a da nake yawan tsokanarta a kai: ba ta iya ƙetare takarda mai rubutun Larabci a ƙasa. Ba ta san ko aya ce ko lissafi ba, ɗauka kawai take yi ta kaɗe ta sa a wani kwalin biskit. In kwalin ya cika sai ta kai wa Malam Zubairu na Islamiyya, shi kuma ya ƙona a wuri mai tsabta ya binne tokar, kamar yadda ake yi don kada a tattake sunan Allah. Duk malamin makarantar ya san wannan, amma babu uba ɗaya da ya sani.

Na same ta a ɗakin kwamfuta tana kallon wayarta. Fuskarta ta yi fari fat.

"Kin gani?" na ce.

"Na gani, Malama Hauwa. Aikin gida ne."

"Aikin me?"

"Aikin gida. Ni na ba su."

Ashe wasan nan ne na intanet da ta kawo mana a zangon nan, wanda yara ke kira gem ɗin Anti. Yana nuna musu labari ko hoto, su tambayi kansu wa ya faɗa, ina ya samo, me aka ɓoye. A matakin wannan makon kowane yaro zai ɗauki hoton gaskiya, ya yanke wani sashe, ya sa masa kanun ƙarya, 'yan ajinsa su yi ƙoƙarin gano shi. Wanda ya fi yaudarar mutane shi ne mai maki. Wata yarinya ta ɗauke su hoto ita da Malam Zubairu ranar ƙona takardu, ta yanke Malam ɗin. Ta zauna ta yi tunanin abin da zai fi tayar wa mutanen garin nan hankali, kuma ta cinka daidai.

"Wace yarinya ce?" na tambaya.

Ta girgiza kai.

"Salomi, ki faɗa mini! Ba ki jin hayaniyar can?"

"Yarinya ce 'yar aji biyar. In na kira sunanta a gaban mutanen nan, ta yaya za ta sake ɗaga kai? Cikakken hoton yana cikin gem ɗin, bari in buɗe."

Ta danna kwamfuta, shiru. An ɗauke wuta, mai tayar da janareta kuma ya riga ya wuce masallaci da mukulli a aljihunsa. Ta gwada da wayarta, datarta ta ƙare, tawa kuma sai juyi take kamar mai neman hanya. Na kira Malam Zubairu, wanda ya tafi ta'aziyya ƙauyensu a Jigawa, layin bai shiga ba. Shugabar makaranta tana Umara. Raina ya ɓaci da kowa da kowa, har da Salomi da taurin kanta.

"Ki kulle ƙofa ta ciki," na ce. "Ko muryata kika ji, kada ki buɗe sai na kira sunanki na yanka."

Idi mai gadi ya riga ya ja get ya sa sakata, Allah ya saka masa. Yara sun yi cirko-cirko a ciki da jakunkunansu. A waje motoci sun toshe layin har ƙarƙashin itatuwan darbejiya. Iyaye ne da direbobi, da 'yan adaidaita sahu da suka tsaya kallo, da wasu samari da ban taɓa gani a unguwar ba, ɗaya sanye da rigar kamfen, don lokacin zaɓe ne kowa a wuya yake. Su ne suka fi ba ni tsoro, domin ba su da ɗa a makarantar, ba su da abin asara.

Alhaji Inuwa yana gaba, babbar riga a saɓe, waya a ɗage.

"Malama, a fito mana da matar nan. Ba za mu taɓa ta ba, hukuma za mu kai ta."

"Alhaji, ina wuni. Don Allah ka saurare ni. Hoton nan ba cikakke ba ne."

"Ba ita ba ce a ciki?"

"Ita ce."

"Ba wuta ba ce wannan?"

"Wuta ce, amma Malam Zubairu ne ya hura ta. Takardun da suka yage ne take tsince masa."

"To ina Malam Zubairun?"

"Ya yi tafiya."

Wani daga baya ya yi dariyar mugunta. "Ai dole ya yi tafiya!" Wani ya ce, "Ke da hijabinki kina kare ta?" Na ji maganar har cikin ƙashina. Na ce ko da hijabi ko babu, abin da na sani shi zan faɗa, amma muryata ta ɓace cikin tasu. Dutse ya daki get ɗin, ƙarfen ya yi ƙara, ƙananan yara suka fashe da kuka. Na ga Alhaji ya waiwaya, kuma a fuskarsa na gane cewa shi ma ya san taron ya fi ƙarfinsa.

A lokacin ne wata yarinya ta ratso cikin yaran ta kama ƙarfen get da hannu biyu. Safiya ce, 'yar Alhajin ta cikinsa, wadda ke zama a layin gaba ba ta magana sai an tambaye ta.

"Abba."

"Koma ciki, Safiya."

"Abba, a ina ka samo hoton?"

"Mamanki ta turo mini. Koma ciki na ce!"

"A wayarta na yi aikin gida. Ni na yanke shi, Abba. Ni na rubuta."

Ban taɓa ganin babban mutum ya ƙanƙance a tsaye irin haka ba. Ta miƙa hannu ta tsakanin ƙarafa, ya sa mata wayar kamar wanda aka yi wa umarni. Ta shiga gem ɗin da sunanta, yatsunta na kuskure tana sakewa, mu kuma muna tsaye dutse na biyu ya wuce ta saman katanga. Sai hoton ya buɗe. Ga Salomi, ga wuta, ga kuma Malam Zubairu a tsugune da hularsa da carbi a wuyan hannu, yana juya takardun da sanda.

Alhaji ya karɓa ya daɗe yana kallo. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ce a hankali. Sannan ya juya ya ɗaga wayar sama. "Jama'a, kuskure ne! Wallahi kuskure ne, ku zo ku gani!"

Na kusa da shi suka leƙa, suka yi salati, wasu suka sulale zuwa motocinsu ba tare da sun haɗa ido da ni ba. Amma fuskar waya ba ta wuce tafin hannu ba, na baya ba su ga komai ba, sai cewa suke an saye Alhaji. Abin da ya watsa su shi ne kiran salla da ya taso daga masallacin Juma'a. Suka tafi suna waiwaye, mai rigar kamfen yana nuna get da yatsa.

Na koma ɗakin kwamfuta na kira sunan Salomi, ta buɗe. Alhaji ya shigo da Safiya a bayansa, ya cire hula, ya ce, "Malama, ki yafe mini. Ban tambayi kowa ba na tura." A gabanmu ya yi sabon saƙon murya, ya haɗa da cikakken hoton ya tura gurup. Na ji sanyi a raina, har na fara cewa Salomi ta zo mu je gidana ta ci abinci.

Wayarta ta yi ƙara. Maƙwabciyarta ce daga Tudun Wada. Salomi ta saurara, ta ce to, ta ce na gode, ta kashe.

"Wasu sun je gidan suna tambayar ɗakina," ta ce. "Hoton ya kai Hotoro, ya kai Tudun Murtala."

"Ai na tura gyara," in ji Alhaji.

"Ka tura wa iyayen makaranta, Alhaji. Wancan kuwa kowa ya tura wa nasa."

Na duba gurup ɗin: saƙon farko an yi ta sharhi a kansa kamar kasuwa, na biyu mutum ɗaya ne ya rubuta Allah ya kyauta.

Alhaji ya ce direbansa zai kai ta Zariya yanzu, kafin a sauko daga masallaci. Ba ta yi musu ba. Na cire babban hijabina na ba ta, na yafa gyalenta. Safiya ta rungume ta tana kuka tana cewa Anti ki yi haƙuri, Salomi ta dafa kanta.

"Aikin da na sa ki kika yi, kuma kin fito kin faɗi gaskiya a gaban babanki. Share hawayenki."

Da jakar hannu kawai ta shiga motar. Tukwanenta da katifarta da hotunan mahaifiyarta duk suna Tudun Wada, sai daga baya muka aika mata da su. Na ce mata in ƙura ta lafa za ta dawo, ta ce in Allah ya yarda, kuma daga ni har ita mun san ba za ta dawo ba. Na yi kuka a bakin get ɗin, ban damu da Idi yana kallona ba.

Ranar Litinin aka ce in riƙe ajinta kafin a sami wani malamin. Da yara suka fita tara, na ga wata yagaggiyar takarda a ƙasa kusa da ƙofa, da rubutun Larabci, da sawun takalmi a kanta. Kwalin biskit yana nan a ƙarƙashin teburinta, bai kai rabi ba. Na sunkuya na ɗauki takardar, na kaɗe ta, na sa a ciki.