Akwatuna a Wayar Tsohuwa

Ta dangwara wayar a teburin mai kwamfutar asibitin, har robar da ta ɗaure batirin ta kusa tsinkewa.

"Kai ne mai turo mana akwatuna?"

Saurayin ya zare abin kunnensa, ya dubi wayar kamar an ajiye masa mushen ɓera.

Tsohuwar ba ta iya karatu ba, amma ta san lamba. Shekara da shekaru asibiti na turo ranar wankin ƙodar maigidanta, ta ga lambar, ta nemo mota ta kawo shi. Tun da aka sake na'ura, sai wasu 'yan akwatuna ke zuwa a jere, ba harafi ba lamba. Ga maigida can kwance, ƙafafu sun kumbura sumtum, ba ta san ranarsa ba. Masu kati sun tura ta sama, na sama sun turo ta nan.

"Mama, mun koma sabon tsarin rubuta saƙo ne. Wayarki tsohon kawai take ganewa. Ki sayi sabuwa."

"Uwarka ma in ta tsufa sabuwa za ka sayo?"

"Haba Mama! Ai babu mai riƙe irin wannan yanzu."

Ta ja tsaki. Ji shi, gemu bai gama tsirowa ba, yana zaune cikin sanyi da takalmi mai tsini, wai shi ke yanke wanda ke duniya da wanda ba ya nan. Ta jawo kujera, ta tuɓe silifas, ta miƙe ƙafa.

"To ga babun ta zo. Nan zan wuni, ɗan nan."

Ya duba ƙofa, ya duba ta. Ya juya yana ƙunƙuni, wai akwai hanyar tsohon tsarin, shi ya rufe don tana ɓata masa tsaftar aiki. Ya danna, ya danna.

"Na buɗe. Na sake turawa."

"Iyakarta ke nan? Ko gumi ba ka yi ba?"

Daga bencin waje wayoyi suka fara ƙara, wannan ta yi, waccan ta amsa, har ƙarshen baranda. Tata ma ta yi. Ta kai ta kusa da ido. Lambar ta fito tar.

Ta jiya ce.

Ta zura silifas ɗinta a hankali, ta cafki hannun rigarsa.

"Tashi. Wurin likita za mu. Tsaftar taka, da bakinka za ka gaya masa."